Wanda ya riƙe sandar majalisa shi ne kakaki?

Tambaya: Malam barka da aiki. A jiharmu wasu 'yan majalisa su tara sun shiga zauren majalisa da asuba, sun ɗauko sanda, sun ce sun tsige kakaki sun naɗa nasu. Shi kuma tsohon kakakin washegari ya ce ya dakatar da su duka sai abin da hali ya yi. Majalisar tamu mutum 24 ce. Don Allah waye ke da gaskiya, kuma wai da gaske ne duk wanda sanda ke hannunsa shi ne da majalisa?

Amsa: Ɗan uwa, idan abin ya faru yadda ka faɗa, to dukkansu biyun sun kauce, sai dai na mutum taran ya fi muni.

Mu fara da sandar nan tunda ita ce ke ruɗa mutane. Ka buɗe kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ka bi sassan da suka yi magana kan majalisun jihohi, daga sashe na 90 zuwa gaba, ba za ka ga an ambaci sanda ba ko sau ɗaya. Al'ada ce da muka gada daga majalisar Ingila, dokokin cikin gida na majalisa ne suka ba ta matsayi, sajan majalisa, wato jami'in tsaron zaure, ya shigo da ita gaban kakaki ya ɗora kan tebur, alamar zama ya fara. Alama ce kawai. Sace ta na iya hana zama na yini ɗaya, amma ba ta mayar da mutum tara su zama goma sha shida.

To nan ne lissafin yake, kuma nan 'yan siyasa ke wasa da hankalin jama'a da gangan. Akwai adadi iri biyu. Na farko yana sashe na 96, wanda ya ce kashi ɗaya cikin uku na dukkan mambobi sun isa a yi zama, wato a majalisa mai mutum 24 kamar taku mutum 8 sun isa a buɗe zaure a tattauna ƙuduri. Na biyu yana sashe na 92, shi ya ce ba a cire kakaki ko mataimakinsa sai da ƙuri'ar aƙalla kashi biyu cikin uku na mambobin majalisar. Ba wai na waɗanda suka samu zuwa ranar ba, a'a, na majalisar gaba ɗayanta. A wajenku 16 ke nan, a Kano ko Legas masu kujeru 40 kuwa sai an haɗa 27. Mutum taran nan sun isa su zauna, ba su isa su tsige kowa ba, ko da sanda goma suka zo da ita.

Kotu ta riga ta sha yanke irin wannan. A Janairun 2006 mutum 18 cikin 32 na majalisar Oyo suka ce sun tsige gwamna Rashidi Ladoja, bayan sun yi ta zamansu a wani otal a Ibadan, kotun ƙoli ta rushe abin a Disamban shekarar ya koma kujerarsa. A Filato ma haka aka yi wa Joshua Dariye da 'yan tsirarun mambobi a majalisa mai 24, kotu ta mayar da shi a 2007. Eh na san waɗannan gwamnoni ne ba kakaki ba, kuma nasu yana sashe na 188, amma ƙidayar kashi biyu cikin ukun iri ɗaya ce.

Yanzu ga tsohon kakakin naku da ya ce ya dakatar da mutane. Mutane na ɗauka kakaki kamar shugaban ma'aikata ne, 'yan majalisa yaransa, alhali shi ma ɗan majalisa ne mai mazaɓa ɗaya kamar kowa, abokansa ne suka ɗora shi. Hasali ma sashe na 98 ya hana shi jefa ƙuri'a in yana jagorantar zama sai in an yi kunnen doki. Abin da zai iya shi kaɗai shi ne ya tsawatar, ya katse mai magana, ya sa a fitar da mai tada hargitsi daga zaure. Dakatarwa ta kwanaki kuwa hukuncin majalisa ne, yawanci sai an miƙa wa kwamitin ɗa'a, an ji ta bakin mutum, an kawo rahoto an kaɗa ƙuri'a, kuma gwargwadon abin da dokokin cikin gidan suka tanada. Ita ko "sai abin da hali ya yi" ɗin nan kotuna ba sa yarda da ita. A 2012 majalisar Bauchi ta dakatar da Rifkatu Danna mai wakiltar Bogoro bayan ta ƙi amincewa da ɗauke hedikwatar ƙaramar hukumar Tafawa Balewa, ta je kotu ta yi nasara har a kotun ɗaukaka ƙara, dalilin kuwa shi ne ita ba ma'aikaciyar majalisa ba ce, kuma in ka hana ta shiga mutanen mazaɓarta ka hana wa wakilci.

Kar fa ka ɗauka ina cewa kakaki ba shi da ƙarfi. Yana da shi, sosai ma, sai dai ba inda mutane ke kallo ba. Shi ke ganin wanda ya ɗaga hannu da wanda zai yi kamar bai gani ba, da yawunsa ake tsara abin da zai shiga jadawalin zama, shi ke sanar da shugabannin kwamitoci, in aka yi ƙuri'ar murya kunnensa ne ke yanke ko masu eh ne suka fi ko masu a'a kafin ya buga guduma (shi ya sa mai wayo in bai yarda ba yake neman a ƙidaya mutum mutum). Takardar neman tsige gwamna shi ake miƙa wa, shi ke neman babban alƙalin jiha ya kafa kwamitin mutum 7. In ɗan majalisa ya sauya sheƙa, sashe na 109 ya ɗora wa kakaki aikin zartar da cewa kujerar ta zama babu kowa, bayan an gabatar da hujja gaban majalisa. Kuma in gwamna da mataimakinsa duk suka bar kujera, shi ke riƙe jiha har zuwa wata uku, kamar yadda Ahmadu Umaru Fintiri ya riƙe Adamawa a Yulin 2014 bayan tsige Murtala Nyako. Ka ga dalilin da ya sa babu gwamnan da ke barci in kujerar nan ta fara rawa.

Abin da za ka nema a rikicinku abu uku ne: rajistar waɗanda suka halarta, takardar da ke ɗauke da sa hannun masu tsigewar, da kuma ko akawun majalisa yana wurin ya rubuta zaman. In sa hannun bai kai 16 ba tsohon kakakin na nan daram a ido na doka, su taran kuma suna da damar kai shi kotu kan dakatarwar, shari'a biyu ke nan daban daban. Matsalar dai kafin a kai kotun ƙoli sau da yawa shekara huɗun majalisar ta kusa ƙarewa.