Allurar kwantar da doki ta aiki ce a tsaye, ba ta hawa ba

Malam, ka ce ingarmanka ya yi zafi, ba ya bari a gyara masa kofato, kuma kana son a yi masa allurar da za ta sanyaya shi ranar hawan Sallah. Abu biyu ka haɗa. Na kofato ana yi. Na hawa kuwa, ka cire shi daga ranka.

Wadda aka fi yi wa dawaki ita ce zilazin, wasu sun fi saninta da Rompun. In likitan dabbobi ya sa ta a jijiyar wuya, cikin minti biyu zuwa biyar za ka ga dokin ya sauke kai har kusan gwiwa, leɓen ƙasa ya saki, ya ware ƙafafu yana tangaɗi kaɗan. Zufa ta keto masa a wuya da gindin kunne. Aikinta bai cika wuce minti 20 zuwa 30 ba, ya isa gyaran kofato ko ɗinkin rauni. In aikin mai tsawo ne, akwai Domosedan da kan kai awa guda ko fiye.

Mai kallo sai ya ce barci yake. A cikin jiki kuwa wani abu ne daban. Zuciyar doki mai lafiya tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti. Allurar nan tana rage ta, har takan tsallake bugu. Hanji ma yana lafawa. Doki ba ya amai, shi ya sa cikinsa in ya tsaya ake tsoron ciwon ciki. Haɗiya ma ba ta tafiya daidai. Na ga dokin da yaron barga ya tausaya wa ya tura masa ƙwaryar dusa tun bai farfaɗo ba, dusar ta tsaya masa a maƙoshi, kumfa da ruwan dusa suna fita ta hanci, yana miƙa wuya yana tari. Sai da likita ya zura masa tiyo. Don haka a kwashe harawa da gero daga gabansa har sai ya ɗaga kai ya dawo hayyacinsa sosai. Zai yi fitsari da yawa bayan nan, wannan ba abin tashin hankali ba ne, amma a zafin Afrilu da Mayu na Maradi ka nemi a yi aikin da sassafe, a inuwa.

Kuma kada saukar kan ta ruɗe ka. Dokin da ke cikin zilazin yana harbi, harbin da ba gargaɗi, ba kwantar da kunne. Mai gyaran kofato ya tsaya yadda ya saba tsayawa.

To, wannan dabbar za ka ɗora wa sirdi ka shiga da ita cikin kalangu da algaita da bindigogi a ƙofar fada? Ƙafarta ba ta taka ƙasa da ƙarfi, in ta yi tuntuɓe tare za ku faɗi, ga yara a gefen hanya. Maganin kuma zai sake ta ana tsakiyar hawa, ta farka cikin hayaniyar da kake gudu.

Wasu za su ce maka a yi masa Calmivet, tunda ita tana daɗewa. Ita asefuromazin ce: tana saukar da ƙarfin jini, ba ta kashe ciwo, kuma ga ingarma tana da mugun hali. Takan sa gabansa ya fito ya kasa komawa, ya kumbura. In ya daɗe haka, ka yi asarar dokin barbara.

Batun ka saya a kasuwa ka yi da kanka, a'a. Zilazin tana zuwa da ƙarfi biyu, mai kashi 2 da mai kashi 10 cikin ɗari, kwalaben kuma suna kama. Abin da zai kwantar da doki ya ninka na bijimi mai nauyinsa kusan sau goma, don haka awon mai shanu ba ya yi maka. Ƙarƙashin jijiyar wuyan nan akwai babbar hanyar jini mai zuwa ƙwaƙwalwa. Allura ta kuskure ta shiga can, nan take dokin zai kife yana shure-shure. Ga ta da haɗari ga mutum in ta soke shi. Goɗiya mai tsohon ciki, da tsohon doki, da wanda ƙishirwa ta kama, duk sai likita ya saurari zuciyarsu tukuna.

Zafin ingarma yawanci gero ne ya yi yawa, ga zaman turke. Ka rage masa hatsi, ka ƙara harawa, a riƙa fita da shi kilisa bakin Gulbi safe da yamma. Kullum in an dawo, yaronka ya ɗaga masa ƙafa ɗaya bayan ɗaya ya ajiye, ko ba abin gyara. Kafin Sallah ka kai shi inda ake kiɗa, tare da wani doki mai sanyi, ya tsaya nesa ya ji, gobe a matso da shi kaɗan.