Amsa: Wasan waje ga yara ba tare da kashe kuɗi ba

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce yaranki uku sun maƙale wa waya tun da aka yi hutu, kina neman abin da za su yi a waje. Ai ni ba na ganin sai kin sayi komai.

Tunda damina ce ki fara da laka, ki ɗebo musu a roba ki zuba a inuwa su gina shanu da tukwane su shanya a rana, wallahi nawa sai a kira sallar la'asar ba su ɗago kai ba, wanki ne dai zai ƙaru miki kuma wannan sai haƙuri. Sannan ki ba kowa gwangwanin madara, ki huda ƙasansa, ya zuba ƙasa ya shuka wake ko gyaɗa. Wake cikin kwana 4 zuwa 5 ya tsiro, kullum da safe za ki ga suna rige-rigen dubawa har da gardamar na wa ya fi tsawo.

Da yamma su bi layin tururuwa su ga inda take kai hatsi, ko su ƙirga malam buɗe littafi. In kaka ta zo kuma ga karan dawa, a yi mota da tabarau. 'Yar carafke ma tsakuwa ce kawai.

Amma don Allah kar su ɗaga dutse da hannu saboda kunama, kuma ban da wanka a kududdufi, can ake kwaso tsargiya. Su sa takalmi.