Rumbun da Malam ya hana a buɗe

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan la'asar, ƙanwarka ce ta karanta mini, ita ce kuma take rubuta wannan ina faɗa mata, don idona ba ya jure hasken waya. Ka ce kana ganin Turawa a waya suna cika jaka da tocilan da wuƙa da abincin gwangwani saboda ranar tsiya, har zuciyarka ta raya maka ka yi irin tasu. Kana tambaya ko mu ma muna da wata al'ada irin wannan, kuma ko yin haka bai saɓa wa tawakkali ba. Sai ka haɗa da wata tambayar da ta ba ni dariya, wai me ya sa kakanka Malam yake liƙe rumbu da laka alhali gida ana ƙarancin tuwo. Ashe abin yana ranka tun kana yaro.

Da ta ƙarshen zan fara, don ita ce uwar sauran.

A gidanmu rumbu uku ne. Idan aka gama kaka, aka ɗaure dammuna, abin da Malam yake fara yi shi ne fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma tunda noman damina ne. Daga nan ya zaɓi zangarniyar da ta fi ƙosawa ya ware ta iri, a rataye ta can inda hayaƙi yake bugunta, kuma ko mutuwa ake yi ba a taɓa ta. Sannan a cika rumbun da za a ci da rani. Babban kuwa, na gandu, shi ne wanda ka gani ana liƙewa. Ba a buɗe shi sai ruwa ya sauka an shiga noma, lokacin da ƙato yake buƙatar tuwo da fura kafin ya iya ɗaga garma. Ka san yunwar manomi ba da rani take zuwa ba. Tana zuwa ne da marka, a watan Agusta, gona ta yi shar, hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, kasuwa kuma ta yi wuta. Wanda ya cinye gandunsa da hunturu, shi za ka gani yana ƙodago a gonar wani da damina, tasa gonar ciyawa tana cinye ta, baɗi kuma ya sake talaucewa. Abin da Malam yake gudu ke nan. Cin ranin da muke tafiya ma, kada ka ɗauka neman kuɗi ne kawai. Duk saurayin da ya tafi Kano ko kudu wata huɗu, an rage baki ɗaya a kan rumbu.

Na ukun shi ne rumbun tsimi, kuma shi ba na shekarar ba ne gaba ɗaya. Gero ne a zangarniyarsa, ba a sussuka ba, yana iya shekara biyu ko uku a ciki, sai dai a fitar da tsohon a zuba sabo. Muna samari muna ganin wannan rowa ce tsagwaronta. Sai da 1973 ta zo, ruwa ya ɗauke, gero ya bushe a tsaye kafin ya fid da kai, shanu suka dinga faɗuwa a bakin hanya. Ina da shekara goma sha takwas. A shekarar na ga magidanta masu mutunci suna cin tafasa da dusa, na ga an sayar da garma da kwallayen ɗakin amarya don kwanon dawa. Ranar da Malam ya fasa lakar rumbun tsimi bai ce wa kowa uffan ba, ya dai auna wa Inna, ya auna wa gidaje uku da ke maƙwabtaka da mu, kullum da asuba kafin gari ya waye don kada a ga mai karɓa. Shi ma ba da kansa ya ƙirƙiro ba. Uwarsa ta ga yunwar da suke kira Kakalaba, ta 1914, shi kuma yana yaro aka yi 'Yar Buhu a 1927. Mutanen da suke raɗa wa yunwa suna kamar jariri, ai ba sa wasa da rumbu.

Maganar tawakkali kuwa, ɗana, ka koma Suratu Yusuf. Da aka ba Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, labarin mafarkin sarki, cewa ya yi su yi noma shekara bakwai, abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa sai ɗan abin da za su ci. Ka ga har dabarar barin hatsi a zangarniya tana nan, kuma duk manomi ya san wanda aka sussuka ya fi saurin cin ƙwari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana ajiye wa iyalinsa abincin shekara, shi ne kuma ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Abin da aka hana daban ne: ka saye hatsin kasuwa ka kulle a sito, mutane suna nema, kana jiran ya yi tsada. Wannan ɓoye ne, ba tanadi ba. Ni yadda nake bambance su, mai tanadi maƙwabcinsa yana murna da rumbunsa, mai ɓoye kuwa tsine wa sitonsa ake yi.

To amma kada in yi maka bakin tsofaffi, in ce komai na da ya isa. Ni kaina al'adar ta ba ni kunya sau biyu, ko in ce ni na ba ta.

Na farko ambaliyar 2022. Ka san yadda muke zaune da kogin Haɗeja: ruwan Tiga da na Challawa duk ta kanmu yake bi, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, in ya rasa mafita sai ya shigo gari. Na daina rumbu tun da daɗewa, na koma zuba hatsi a buhu ina jibgewa a ɗakin zaure, a kan daɓe, wai ni na waye. Cikin dare ruwa ya shigo. Ba daga sama ginin ƙasa yake mutuwa ba, daga gindi yake jiƙa ya zauna. Buhu tara na ƙasa suka sha ruwa, bayan kwana uku gero ya tsiro a cikinsu. Tsohon da ke bayan masallaci, wanda muke yi wa dariya saboda rumbunsa na kan duwatsu a tudu, ko zangarniya ɗaya bai rasa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba geron ba ne, takardu ne. Takardar gona, ta fansho, katin asibitin gwaggonka, duk suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, suka zama kunu. Na yi wata biyar ina zarya kafin in maido wasu. A daren nan tocilan ɗaya ce a gidan, batirinta ya mutu, da hasken waya muka fitar da yara. Don haka in ka ce mini Bature yana ajiye jaka a bakin ƙofa, ba zan yi masa dariya ba. Yanzu ni ma ina da ita, a rataye a ƙusa sama da kaina: takardu a cikin leda biyu, tocilan, ashana a cikin kwalba, maganin hawan jinina na wata guda, da 'yar rediyo.

Na biyu farkon 2023, da aka canza takardun naira ɗari biyu, ɗari biyar da dubu ɗaya. Ina da kuɗi a banki, amma na yi kwana huɗu ban iya sayen gishiri ba. Mai POS ba shi da tsaba, mai shago ba ya karɓar tiransifa, in ma ya karɓa sabis ya ɗauke. Ka san wa ya riƙe gidan? Gwaggonka. Ta auni gero kwano biyu ta aika kasuwa, aka musanya mata da manja da gishiri da ashana, kamar zamanin kakanninmu. Mata dama su ne masu wannan ilimin, mu maza rumbu kawai muka sani. Leƙa ɗakin kowace tsohuwa a garin nan, za ka tarar da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kanwa, barkono, busasshen zogale da yakuwa, abin da zai yi miyar wata uku ba a je kasuwa ba. Akuyar da take ɗaure a turke kuwa ita ce asusunta. Ranar da ciwo ya faɗo cikin dare, ita ake kaiwa Gujungu a dawo da kuɗin asibiti.

Kai da kake gidan haya a birni, ba ka da wurin kafa rumbu, amma lissafin bai canza ba. Buhun hatsi kwano arba'in ne. Mu nan da muke mu goma, kwano biyu muke ci a rana, buhu ba ya wuce kwana ashirin. Kai da matarka da yara biyu, buhu ɗaya zai kai ku kusan wata biyu. Ka saya da kaka, lokacin da yake araha, kada ka jira marka. Ka ɗora shi a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Wake ka zuba shi a jarka mai murfi ka cika ta taf ka toshe, ko a buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki. In iska ba ta shiga, ƙwarin da kansu suke mutuwa. Ƙwayar nan da ake kira bom, wadda 'yan kasuwa suke jefawa a sito, kada ta kwana a ɗakin da mutum yake kwana, iskarta tana kisa. Kuma abin da ka ajiye ka riƙa ci kana mayarwa. Ajiyar da ba a juya ta, ta ƙwari ce.

Ruwa ya fi hatsi gaggawa, don ana kwana uku ba tuwo, amma yaro ba ya yini ba ruwa. Jarka biyu a cike kullum, a rufe. Bayan ambaliya, abin da ya kwantar da mutane a nan amai da gudawa ne, saboda rijiyoyi sun haɗu da masai. Alif yana kwantar da laka, ruwan ya yi garau a ido, amma ba ya kashe cutar, sai an tafasa. Ka koya wa matarka haɗin ruwan gishiri da sukari in ba ta sani ba: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ana ba yaro yana kurɓa ana kan hanyar asibiti.

Abu ɗaya ne ban yarda ka tara ba, fetur. Ka ji abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, da tanka ta faɗi ta kama wuta. Har yau akwai gidajen da ba su daina kuka ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Galan ɗaya a ɗaki da hunturu, ga kaskon wuta, ya isa ya tashi layi guda. Malam ko rumbu ba ya kafawa kusa da madafi.

Wuƙaƙe da igiyoyi da sauran tarkacen da ka lissafa, in kana da rarar kuɗi ka saya, ban hana ka ba. Amma a daren ambaliya ba jaka ce ta fitar da gwaggonka ba, yaran maƙwabta ne suka ɗauke ta a kan ƙyauren ƙofa, kuma jikokin ɗaya daga cikin gidaje ukun nan ne da Malam yake auna wa gero da asuba. Shi ya sa nake tambayarka: mutumin da ƙofarsa take kallon taka a gidan hayar nan, ka san sunansa? Matarka ta taɓa aika musu da kwanon tuwo?

Na ware maka buhu ɗaya na gero da rabin buhun wake daga gonar mahaifinka, suna kan katako a zaure. In za ka zo ɗauka, ka taho mini da batir manya guda huɗu da leda mai kauri irin ta takardu, ta wajena ta fara yagewa. Gwaggonka ta ce kada ka zo da jarkar da aka taɓa zuba kalanzir, waken zai ɗauki wari. Ka gaida mai ɗakinka da yaran.

Baffanka.