Kun Tambaya, Mun Amsa: Yadda Rauta Za Ta Riƙa Ajiye Kwafin Saitinta da Kanta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne nake kula da harkar intanet ta wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Zariya, ina kuma taimaka wa wasu ofisoshi biyu a cikin gari. Rauta bakwai ce a hannuna, wato na'urorin da ke rarraba intanet, biyar na MikroTik, biyu na Cisco. A daminar bara tsawa ta ƙone babbar rautar makarantar. Da aka sayo sabuwa na nemi kwafin saitin tsohuwar, sai na tarar wanda yake cikin kwamfutata ya kusa shekara, kuma na yi gyare-gyare da yawa bayansa. Kwana uku na yi ina haɗa saitin daga abin da na iya tunawa. Ina roƙon a nuna mini yadda na'urorin za su riƙa ajiye kwafin da kansu a kan lokaci.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya same ka yana samun masu wannan sana'a da yawa, domin ɗaukar kwafi da hannu aiki ne da ake yi da himma a makon farko da na biyu, daga nan hidimomi su sha kan mutum ya manta. Ka yi daidai da kake son ɗora aikin a kan agogon na'ura. Zan fara da MikroTik tunda su suka fi yawa a wurinka, kuma a nan ne aka fi yin kuskuren da ba a ganewa sai ranar da buƙata ta taso.

RouterOS, wato manhajar da ke tafiyar da na'urorin MikroTik, tana fitar da kwafi iri biyu, kuma amfaninsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne wanda umarnin /system backup save yake samarwa. Wannan fayil ne da mutum ba zai iya buɗewa ya karanta ba, yana ɗauke da kusan komai har da sunayen masu shiga na'urar da kalmomin sirrinsu da lambobin MAC, wato lambar shaidar kowace kafar da ake soka wayar intanet, kuma an tsara shi ne don a mayar da shi kan na'urar da aka ciro shi. Ka ga ke nan a irin halin da ka shiga, inda tsawa ta cinye na'urar aka sayo wata, ba lallai ne ya fisshe ka ba, musamman idan sabuwar ba ƙira ɗaya ce da tsohuwar ba. Na biyu shi ne wanda umarnin /export yake fitarwa, rubutu ne zalla, layi bayan layi, wanda za ka iya karantawa, ka gyara sunayen kafofi idan sun bambanta, ka loda shi kan wata na'ura daban. A ganina wannan na biyun ne ya fi muhimmanci, ko da yake ina ba ka shawarar ka riƙa ɗaukar duka biyun. Sai dai ka lura da cewa a RouterOS 7 umarnin /export yana ɓoye kalmomin sirri na waya-les da na VPN, wato killatacciyar hanyar haɗa wurare ta intanet, da makamantansu sai ka ƙara masa show-sensitive, alhali a RouterOS 6 yana fito da su ba tare da an nema ba. Ko da ka ƙara wannan, ba ya fito da kalmomin sirrin masu shiga na'urar, ba ya kuma fito da takardun shaidar tsaro da aka loda mata, don haka waɗannan sai ka yi musu tanadi na daban.

Batun lokaci kuwa, a /system scheduler ake tsara shi. Za ka rubuta gajeren jerin umarni a /system script wanda zai ɗauki kwafin ya sa masa sunan na'urar da kwanan wata, sannan ka gaya wa mai tsara lokacin ya tayar da shi, misali da start-time=02:00:00 da interval=1d, wato ƙarfe biyun dare kowace rana. Amma kwafin da ya zauna a cikin rautar ba shi da wani amfani ranar da rautar ta ƙone, saboda haka wajibi ne jerin umarnin ya ƙare da fitar da fayil ɗin waje, ko dai da /tool fetch zuwa wata saba, wato kwamfutar da ke karɓar fayiloli ta ajiye, ta hanyar SFTP mai aika fayil a lulluɓe, ko da /tool e-mail send zuwa akwatin imel. Akwai abubuwa biyu da suka tsayar da irin wannan tsari a hannun mutane da dama ba tare da sun ankara ba. A 2022 Google ya daina barin na'urori su shiga Gmail da kalmar sirri ta yau da kullum, sai an ƙirƙiri kalma ta musamman don manhaja. A 2023 kuma, daga RouterOS 7.10, kamfanin ya sauya yadda ake rubuta kwanan wata zuwa shekara, wata, rana, sai tsofaffin jerin umarnin da ke yanka kwanan watan don haɗa sunan fayil suka fara fitar da sunaye marasa ma'ana. Idan ka kwafo jerin umarni daga intanet, ka duba shekarar da aka rubuta shi kafin ka dogara da shi.

A Cisco akwai saiti biyu: running-config da ke aiki a yanzu wanda yake ɓacewa da zarar wuta ta ɗauke, da startup-config da na'urar take tashi da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce umarnin archive. A ƙarƙashinsa za ka ba da path, wato inda za a kai kwafin, kana iya sa $h don sunan na'urar da $t don lokaci su shiga sunan fayil ɗin. Sai ka ƙara write-memory, wanda yake sa a aika kwafi duk sanda wani ya adana saiti, da kuma time-period 1440, wato kowane minti 1440, kwana ɗaya ke nan. Wannan ƙidayar minti ce ba agogon bango ba, kuma idan na'urar ta mutu ta tashi ƙidayar takan koma farko, abin da ya kamata ya dami duk wanda yake aiki a inda ake ɗauke wuta ana komawa janareto sau da yawa a yini. Idan kana son takamaiman lokaci, sai ka yi amfani da kron, wato mai tsara lokaci na Cisco, amma ka sani ba ya iya tafiyar da umarnin da ke tsayawa ya yi tambaya, shi ya sa ake ba shi show running-config | redirect maimakon copy. Ko wanne ka zaɓa, ka haɗa na'urorinka bakwai da sabar NTP, wadda take daidaita musu agogo, domin ƙananan rautoci da yawa ba su da batirin agogo. Tsofaffin na'urorin Cisco sukan farka su ce ana ranar 1 ga Maris, 1993, kuma kwafin da ke ɗauke da irin wannan kwanan wata ba za ka san wanne ne sabo ba.

Duk wannan da na bayyana, na'ura ce take tura kwafinta. Da ni ne a matsayinka, da na juya tsarin: in ajiye ƙaramar kwamfuta guda mai Linux wadda ita za ta riƙa shiga kowace rauta ta SSH, wato lulluɓaɓɓiyar hanyar shiga na'ura daga nesa, tana jawo saitin. Tsohuwar laftof mai batiri mai kyau ta isa, kuma batirin nata zai riƙe ta idan an ɗauke wuta. Akwai manhajoji biyu na kyauta da aka daɗe ana wannan aiki da su. RANCID ita ce tsohuwar, kamfanin Shrubbery Networks ne yake kula da ita. Oxidized ta zo daga baya, an rubuta ta da harshen Ruby, tana fahimtar na'urori sama da iri ɗari har da RouterOS da IOS, manhajar na'urorin Cisco, kuma idan ba ka sauya ba tana zagayawa kowane daƙiƙa 3600, wato awa guda. Abin da ya sa na fifita wannan hanya shi ne ana iya sa ta ajiye kwafin a cikin Git, wato manhajar da ke riƙe tarihin sauye-sauyen fayil, inda ba a tara fayiloli masu kama ɗaya, sai dai a rubuta abin da ya sauya kawai. Idan intanet ta lalace ranar Talata, za ka buɗe ka ga layukan da suka bambanta tsakanin saitin Litinin da na Talata, kuma sau tari amsar matsalar tana cikin layi biyu ko uku. Ga mutum ɗaya mai kula da wurare uku, wannan ya fi kwafin kansa amfani a kullum, domin gyaran da aka yi da kuskure ya fi ƙonewar na'ura yawan faruwa nesa ba kusa ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da ƙaramin kamfanin rarraba intanet a Maraɗi. Rautocina suna tura kwafinsu ta TFTP zuwa wata saba da ke da adireshin da ake iya kaiwa daga waje, kuma wani lokaci yarana sukan turo mini fayil ɗin ta WhatsApp. Wani abokina ya ce akwai haɗari. Shin da gaske ne?

Amsa: Barka kadai, Alhaji. Abokinka ya gaya maka gaskiya, kuma ina roƙon ka gyara wannan a cikin makon nan. TFTP tsohuwar hanya ce da ke aiki a ƙofa ta 69 ta UDP, ba ta tambayar suna ko kalmar sirri, kuma ba ta lulluɓe abin da take ɗauka. Duk wanda ya iya kaiwa ga sabar, ya kuma canki sunan fayil, zai iya saukar da shi. Fayil ɗin saiti kuwa taswirar gidanka ce gaba ɗaya: adiresoshin ciki, dokokin shingen da ke tace abin da ke shiga da fita, makullan VPN, kalmomin SNMP, wato hanyar sa ido kan na'ura daga nesa, kuma a kamfani irin naka har da bayanan shigar kwastomomi. A na'urorin Cisco, kalmar sirrin da aka adana da nau'i na 7 ana warware ta cikin ƙiftawar ido da kayan aikin da ke ko'ina a intanet. Wannan ba tsoratarwa ba ce. A watan Afrilun 2018 hukumomin tsaron intanet na Amurka da Birtaniya sun fitar da gargaɗi na haɗin gwiwa cewa masu kutse da gwamnatin Rasha ke mara wa baya suna kwashe fayilolin saiti daga rautoci, ta hanyar SNMP da tsarin Smart Install na Cisco, suna sa na'urorin su tura musu fayilolin ta TFTP.

Ka koma SCP ko SFTP, waɗanda suke tafiya a cikin SSH. Ka buɗe asusu na musamman don ɗaukar kwafi, wanda ikonsa bai wuce karantawa ba gwargwadon yadda na'urar ta yarda, ka taƙaita shi ga adireshin sabar kaɗai, kuma inda ya yiwu ka sa ya shiga da makullin SSH. Idan dole sai da TFTP saboda tsufan wata na'ura, to kada ta fita daga keɓaɓɓiyar hanyar gudanarwa ta cikin gida. Game da WhatsApp, matsalar ita ce fayil ɗin yana zama a wayar kowane yaro da ya taɓa tura shi, kuma yana tafiya da shi ranar da ya bar aiki ko wayar ta ɓata. Tunda fayilolin sun riga sun yi yawo, ka ɗauka cewa kalmomin sirrin da ke cikinsu sun fita, ka sauya su. Kwafi na biyu da za ka ajiye a wani gari ko a ma'ajiyar intanet, ka kulle shi da kalmar sirri mai ƙarfi kafin ya bar sabarka.

Tambaya: Ina aiki a sashen sadarwa na wani kamfani a Abuja, inda muke da na'urorin Juniper. Wanda na gada ya ce ya saita ajiyar kwafi. Ta yaya zan tabbatar tana aiki?

Amsa: 'Yar'uwa, ki fara da duba sashen system archival configuration a saitin na'urar. Idan kin ga transfer-on-commit, ana aika kwafi duk sanda aka tabbatar da gyara. Idan kin ga transfer-interval, ana aikawa ne bayan adadin mintunan da aka rubuta. Junos, wato manhajar da ke tafiyar da na'urorin Juniper, da kanta tana riƙe saiti 50 na baya-bayan nan waɗanda umarnin rollback yake dawo da su, amma a cikin na'urar suke, don haka ba su maye gurbin na waje ba. Daga nan ki je inda archive-sites ya nuna ki duba abu uku: kwanan watan fayil na ƙarshe, girmansa, da ƙarshen rubutunsa, domin fayil yana iya isowa babu komai a ciki ko a guntule idan layi ya yanke. Irin wannan tsari yakan mutu shiru, wani ya sauya kalmar sirrin sabar ko faifanta ya cika, a yi watanni ba wanda ya sani. Saboda haka ki sa ƙaramin jerin umarni a cron, wato mai tsara lokaci na sabar, da zai turo miki saƙo idan wata na'ura ta wuce lokacin da ya kamata a ga sabon kwafinta. Sannan ki nemi na'urar da ba a amfani da ita, ki loda mata kwafin jiya, ki ga ko za ta karɓe shi ba tare da ƙorafi ba, ki rubuta matakan da kika bi da tsawon lokacin da suka ɗauka, ki ajiye takardar inda abokan aikinki za su same ta ko ba kya nan. Idan wata rana ta kama ki mayar da saiti kan na'urar da ke nesa, ki yi amfani da commit confirmed, wanda zai dawo da tsohon saitin da kansa bayan minti 10 idan sabon ya yanke hanyarki kafin ki tabbatar da shi.