Hukuncin wanke hannu a kwano ɗaya kafin cin abinci

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. A gidanmu maza muna cin tuwon dare tare a zaure. Ana kawo ruwa a kwano ɗaya, kowa ya tsoma hannu, daga manya har ya iso kan yara. Da damina ta kankama aka fara jin amai da gudawa a unguwa, sai na kawo buta da sabulu na ce a riƙa zuba wa juna. Yayanmu, wanda ya fi mu karatu, ya ce a Risala wanke hannu kafin abinci ba sunna ba ne, mai alwala sau biyar a yini ba ya bukatar sabulu, kuma abin da na kawo ƙarancin tawakkali ne. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, yayanka bai yi wa littafi ƙarya ba. Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya faɗa a babin ci da sha cewa wanke hannu kafin abinci ba ya cikin sunna. Hadisin Salmanu Alfarisi da ake yawan kafa hujja da shi, wai albarkar abinci tana cikin wankewa kafinsa da bayansa, Abu Dawud da kansa ya raunana shi, don haka ba zan jingina da shi ba. Sai dai jumlar Risala ba nan ta tsaya ba. Mai littafin ya toge, ya ce sai fa idan akwai ƙazanta a hannun. Abin da malamanmu suka ƙi shi ne a mayar da wanke hannu mai tsabta wata ibada ta daban. Ko hannun naka yana ɗauke da abin cutarwa ko a'a, masana lafiya ake tambaya, kamar yadda mara lafiya yake tambayar likita kafin ya ajiye azumi.

To me suka ce? Kwalara da taifot da shan inna daga bayan gidan wani suke fita su shiga bakin wani, ta ruwa ko abinci ko hannu, kuma ido ba ya ganin ƙwayoyinsu. Mutum yana iya ɗauke da kwalara yana yawonsa lafiya ƙalau, yana raba ta bai sani ba. A 2021 an lissafa sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Kano da Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Masana sun ce wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Shari'a ta riga ta yi la'akari da ƙazantar da ba a gani. Malik da Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya umarci wanda ya farka daga barci ya wanke hannunsa kafin ya tsoma shi cikin ruwan alwala, domin bai san inda hannun ya kwana ba. A ruwayar Muslim aka ce sau uku. Duba dalilin da aka bayar: rashin sani kawai ya isa. Da Sayyidina Usmanu ya nuna wa mutane alwalar Annabi (SAW), sai da ya karkata ƙwarya ya zuba wa tafukansa sau uku kafin ya sa hannu ciki. Butar da ka kawo ta fi kwanon nan kusa da wannan siffa. Uwar Muminai Maimuna kuma ta ba da labarin wankansa, cewa bayan ya yi tsarki ya goga hannunsa da ƙasa sosai sannan ya wanke. Bai wadatu da ruwa zalla ba. Aikin da ƙasar nan ta yi shi sabulu yake yi a yau.

Batun alwala kuwa, ni'ima ce babba, amma a nan mutane da yawa suke haɗa babi biyu. A mazhabarmu ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su jirkita ba yana yin alwala. Ƙwayar kwalara ba ta jirkita ko ɗaya cikin ukun. Sai ruwa ya inganta salla, kuma ya kwantar da yaro a asibiti. Sannan ka yi alwalar magariba, ka gaisa da jama'a a ƙofar masallaci, ka ƙirga kuɗi, ka fyace wa ɗanka majina, kafin a sauke tuwo. Yanzu dubi kwanonku sa'ad da ya zagayo kan ƙaramin yaro: ruwan ya yi duhu, dattin hannun kowa yana ciki, a ciki yake wanke nasa ya kai loma baki, alhali shi ne gudawa ta fi saurin kayarwa. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali a tambayarka.

Tawakkali ba ya rushewa da ɗaukar mataki. Da Sayyidina Umar ya juya daga Sarg, wani gari a kan hanyar Sham, saboda annobar da ta ɓarke a Sham, Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi? Ya ce, eh, daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Abin da nake gani, bisa ƙa'idar ba cuta ba cutarwa, wanke hannu kafin abinci abin so ne a kullum. Yana zama wajibi ga wanda ya fito daga bayi, ko ya wanke wa yaro kashi, ko ya yi jinyar mai gudawa, matuƙar zai sa hannu a abincin da wani zai ci, ko zai girka, ko zai dama fura. A nan haƙƙin wasu ya shigo, ba ka da ikon yafe shi a madadinsu. Tsoma hannuwa a kwano ɗaya makaruhi ne, idan kuwa cuta na yawo a gari bai halatta ba.

A zuba ruwa daga buta ya sauka a wani mazubi a zubar. A cuɗa sabulu kamar daƙiƙa 20, ciki da baya, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Idan babu sabulu a yi da toka mai tsabta. Kada a raba tsumma ɗaya wajen goge hannu, gara a bar shi ya bushe. Butar bayi kuma a raba ta da ta zaure.

Yayanka kuwa kada ka yi jayayya da shi a gaban ƙannensa. Ka same shi shi kaɗai da littafin, ka roƙe shi ya karanta maka jumlar har ƙarshenta, idan an kawo tuwo kuma ka ɗauki buta ka fara zuba masa. Wallahu a'alam.