Hukuncin Niƙa Dutsen Zinare a Cikin Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata haƙar zinare. Ina kawo duwatsun gida, matana su daka, mu wanke a bakin rijiya, sannan in haɗa da zaiba in ƙona. Ma'aikatan lafiya sun ce mu daina, wai akwai gubar dalma. Shin abin da nake samu halal ne? Kuma ruwan rijiyar ya halatta a yi alwala da shi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, haƙar ma'adinai asalinta halal ce, sai dai a mazhabar Malikiyya al'amarin ma'adinai yana hannun shugaba, don haka izinin hukuma da sharuɗɗanta suna kanka. Matsalarka tana wurin da ka zaɓa ka yi aikin.

Maganar ma'aikatan lafiya gaskiya ce, kuma mutanen Zamfara sun gani da idonsu. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da 'Yargalma, yara sama da 400 suka rasu saboda dutsen zinare mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Ƙurar tana sauka a tsakar gida, kan tabarma da kwanon tuwo. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki, shi ke nan. Wasu jijjiga ta kama su suka tafi. Waɗanda suka tsira da yawa sun tashi da raunin ƙwaƙwalwa: karatu ba ya zama, ga saurin fushi da rashin natsuwa, har iyaye su yi ta dukan yaro suna cewa taurin kai ne. Mai juna biyu kuma tana isar da gubar ga ɗan da ke cikinta. Dalma ba ta ruɓewa a ƙasa, shi ya sa a ƙauyen Bagega na Zamfara sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Hayaƙin zaiba shi ma yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, yana sa hannu rawa.

Tunda cutarwa ta tabbata da shaidar masana, hukunci a fili yake. Manzon Allah (SAW) ya ce: "Babu cuta, babu cutarwa," kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito. Ya kuma hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. In an hana wannan, ina ga zuba abin da ke kashe yara? Saboda haka daka dutsen, wanke shi ko ƙona zaiba a cikin gida ko kusa da ruwan sha haramun ne a kanka daga ranar da ka sani. Zinaren da ka riga ka sayar, kuɗinsa naka ne, ba mu ce ka zubar ba.

Batun alwala kuwa, a nan mutane ke ruɗewa. A ƙa'idarmu, ruwan da launinsa, ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canza ba yana nan mai tsarkakewa, alwalar da aka yi da shi ta inganta. Amma tsarki daban, lafiyar sha daban. Dalma takan shiga ruwa ya kasance garai-garai. Kada a sha, kada a yi girki da shi har sai an gwada shi, kuma in da wani ruwan, shi ya fi ko don kurkurar baki.

Ka kuma sani, in ka ci gaba bayan gargaɗi har ɗan maƙwabci ya cutu, ka shiga babin wanda ya haƙa rami a kan hanya. Alƙali na iya ɗora maka lamuni, har diyya in an rasa rai.

Ka mayar da aikin can bayan gari, a jiƙa dutse kafin niƙa don rage ƙura. Ka yi wanka, ka bar kayan aikin a can kafin ka shigo gida. Yaranka da matanka kuma ka kai su a gwada jininsu, kar ka jira sai alama ta bayyana.

Wallahu a'alam.