An goge sunanka daga manhajar kalkuleta: ga inda doka ta tsaya

Ƙanena, na karanta takardarka. Ka ce wata uku ka yi kana rubuta ƴar manhaja a kan kalkuleta TI-83 Plus, wadda ke warware lissafi ga masu shirin jarrabawar BAC, ka raba wa abokan ƙungiyarku a nan Maradi kyauta. Sai wani ya cire sunanka, ya sa nasa, har yanzu wasu na ce maka maƙaryaci. Na ga wannan ya fi maganar kuɗi ƙona maka rai, kuma da gaskiyarka.

Doka ba ta raina aikinka don ƙanƙantarsa. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI ta kare haƙƙin fasaha a Afirka, mai hedikwata a Yawunde, kuma yarjejeniyar Bangi ta 1977, da aka sabunta a 1999 da 2015, ta sa manhajar kwamfuta a sahun rubuce-rubucen da ake karewa, kamar littafi. A gida ma akwai dokar haƙƙin mawallafi ta 23 ga Disamba 2010. Haƙƙinka ya tabbata tun ranar da ka rubuta, ko ba ka yi rajista ba. Kyautar da ka yi ba ta ba kowa damar goge sunanka ba, domin haƙƙin a ambaci mai aiki ba ya sayuwa.

Amma a nan gizo ke saƙar: doka tana kare rubutun, ba ta kare dabarar. Ƙa'idar b²-4ac ta kowa ce. In mutum biyu sun zauna rubuta manhajar lissafi ɗaya da TI-Basic, yaren rubuta manhaja na kalkuletar wanda umarninsa ba su da yawa, dole layukansu su yi kama, kuma alƙali ba zai kira wannan sata ba. Abin da ke tona asirin mai kwafa shi ne tabon da babu dalilin maimaita shi. Ka ce a layi na 14 ka yi kuskure ka rubuta "NEGATFI" maimakon "NEGATIF", kuma kuskuren yana cikin tasa. Wannan ya fi shaidu goma. Duba kuma haruffan da ka zaɓa wa ma'ajin lambobi, da wani layi da ka manta ba ka goge ba alhali ba ya aikin komai.

Sai maganar wa ya riga wa. TI-83 Plus ba ta da agogo, ba za ta faɗi ranar da ka rubuta ba. Shaidarka tana cikin saƙon WhatsApp da ka fara tura manhajar, da littafin da ka yi ta zane da biro, da abokan da suka gwada ta tun tana da kurakurai. In abin ya yi nisa, huissier, wato jami'in shari'a mai tabbatar da shaida a rubuce, zai iya duba wayarka ya rubuta abin da ya gani, takardarsa tana da nauyi a kotu.

Wata tambaya da zan yi maka tsakani da Allah: kai ma ka ɗauko wani ɓangare daga aikin wani? In haka ne, ka faɗa da bakinka tun kafin a tono, in ba haka ba maganarka duka za ta zube.

Roƙona gare ka, kada ka hau Facebook ka kira shi ɓarawo. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta ɓata suna, kuma a 2024 an maido da ɗauri a kai. Sai ka wayi gari mai ƙara ya koma wanda ake ƙara.

Ni a ganina kotu ce ta ƙarshe, domin kuɗin shari'a zai fi abin da za ka samu. Ku fara zama gaban malamin lissafin da ku biyu kuke jin kunyarsa, a ajiye kalkuleta biyu a kan tebur, a karanta layi bayan layi, ka nemi ya maido da sunanka ya kuma faɗa wa ƙungiya. In ya ƙi, a rubuta masa takardar gargaɗi, sannan ka tuntuɓi BNDA, ofishin haƙƙin mawallafa da ke Yamai. In kuwa sayar da ita yake yi, kana iya neman diyya a babbar kotun Maradi. Kafin nan, yau ɗin nan ka jona kebul ka kwafe manhajar a kwamfuta yadda take, kuma kada ka gyara "NEGATFI" ɗin.